Bunsurun da Ya Hana Turmi Matsawa

A can wani zamani, wata mata ta gaji gidan ƙuli-ƙuli daga uwarta. Kullum sai kasuwa ta kusa watsewa kayanta ke isa, masu saye duk sun tafi.

Da ta duba, sai ta ga turmi can bayan katanga, murhu nan ƙofar gida, ma'aikata sai zirga-zirga suke da ƙwarya a ka.

Ta ce, "A matso da turmin nan!"

Suka ce, "Haka muka tarar."

Ta ɗaga murya. Suka ce, "Haka muka tarar."

Sai ta haɗiye fushinta, ta durƙusa gaban tsohuwar cikinsu. "Iya, me ya kai turmi bayan katanga?"

"Wani bunsuru ne, 'yar nan, ɓarawon gyaɗa."

"Ina bunsurun?"

Iya ta dafe kai, ta ce, "Af! Ai shi muka ci ranar sunanki."

Dariya ta ɓarke. Iya da kanta ta fara mirgino turmin. Washegari tun da hantsi ƙuli ya isa kasuwa, ya ƙare tas.

Bayan shekara, wata baƙuwa ta tambayi dalilin ajiye turmi kusa da murhu. Iya ta harare ta, ta ce, "Haka muka tarar!"