Shaidar Garken Baffa

Siddiƙa tana durƙushe a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo ta ji an taka birki a ƙofar gida, da ƙarfin da ya sa kajin maƙwabta suka watse. Kafin ta gyara ɗankwali yayanta Hamma Lawal ya yi sallama ya shigo, fuskar nan ba annuri.

"Hamma! Sannu da zuwa. Bari in kawo ruwa..."

"Bar ruwan. Ɗauko mayafinki, Baffa ya ce a zo da ke."

"Innalillahi! Inna ce ba lafiya?"

"Kowa lafiyarsa ƙalau. Ina mijin naki?"

Yazid ya fito daga ɗakin aikinsu da fensir saƙale a kunne, ya miƙa hannu. Hamma ya ba shi kan yatsu kawai.

"Malam Yazid, ka kyauta. An ba ka 'ya, ka saka wa ubanta da tozarci a bainar jama'a."

Nan take Siddiƙa ta gane inda maganar ta dosa.

Shekararsu biyu da aure, kuma tun suna kwaleji zane ne ya haɗa su. Ita ke zana siffofi, shi ke tsara motsinsu a takarda, ya jera su a kwamfuta har su zama fim. Da suka ga mata da yara ba su da wurin kallo na mutunci, sai suka shirya Bikin Zane Mai Motsi: rana guda a Sandamu, rana guda a Baure, a rufe da babban taro a Daura. Malamai suka zauna suka kalli finafinan ɗaya bayan ɗaya, suka yarda, bisa sharaɗin a yi da rana, maza gefe mata gefe. A zauren makaranta ake yi, a toshe tagogi da barguna, a kafa farin ƙyalle, Ignatius mai kayan gyaran mota ya ba da aron janareto.

Fim ɗinsu na bana a kan wata jar saniya ce mai kwaɗayi, da ta tsallake shinge ta faɗa gonar gero. A Sandamu an sha dariya an watse lafiya. Amma shekaranjiya a Baure, saniyar na juya cinya sai wani dattijo ya miƙe daga ɓangaren maza ya ƙwala ihu:

"Wallahi ta Alhaji Maliki ce! Ku dubi shaidar!"

Zauren ya kaure da shewa. Yanka biyu a kunnen dama, tambarin wuta mai kamar ƙafar kaza a cinya. Babu wanda ya taɓa shiga kara, wato kasuwar shanu, a ƙasar Daura da bai san shaidar garken Alhaji Maliki ba. Alhaji Maliki kuwa shi ne mahaifin Siddiƙa, wanda suke kira Baffa.

Ta ɗauki mayafi ta shiga mota. Yazid ya bi su a baya a kan mashin, tun daga Daura har gidan Baffa da ke bayan Baure.

A zaure suka same shi, zaune a kan buzu, carbi a hannu amma ba ya ja. Suka durƙusa suka gaishe shi. Bai amsa ba.

"Shekara arba'in ina harkar shanu," ya ce a hankali, "ba a taɓa kai ni gaban mai gari kan ɓarnar gona ba. Jiya na shiga kara, dillalai suna yi mini kukan saniya. Wani manomi da muka taɓa saɓani kan burtali ya tare ni yana cewa, to ga shi ko surukinka ya ba da shaida. Ni! Yazid, me na yi maka?"

Yazid ya sunkuyar da kai. "Baffa, laifina ne. Ni na yi kuskuren, a yi mini afuwa."

Siddiƙa ta ɗago da sauri. "Ba shi ba ne."

"Siddiƙa, yi shiru don Allah..."

"Ba zan yi ba! Baffa, Yazid ɗan cikin gari ne, ko bijimi da karsana sai ya duba sau biyu. Ina ya san shaidar garke? Ni na zana. Jar saniyar da ka ba ni ranar sunana ce na tuna, hannuna ya tafi da shaidar ban ko lura ba. Ban yi don in ci maka mutunci ba, amma na yi, kuma ba daidai ba ne."

Daga bayan labule aka jiyo salatin Inna Rahmatu.

Alhaji Maliki ya juyo ya dube ta. "Ke ce? To abin ya fi muni. Yarinyar da na rena ba ta san wannan shirmen ba sai da ta shiga gidansa. Shi ya mayar da ke mai zanen 'yar tsana kina yawo gari gari. Yazid!"

"Na'am, Baffa."

"Lawal, ba shi takarda da biro. Rubuta mata saki."

Hamma kansa sai da ya razana. Ya zaro biro yana jan jiki. Yazid ya dubi biron, ya mayar da hannayensa baya.

"Baffa, ka sa a yi mini bulala, ka hana ni taka ƙofar gidan nan, duk zan ɗauka. Amma ba zan saki matata ba."

"Ni kake faɗa wa haka a zaurena?"

"Ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

Hawaye na zuba a fuskar Siddiƙa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Baffa, shaida taka ce, ban da ikon taɓa ta ba da izininka ba, kuma zan goge ta daga kowace takarda da hannuna. Amma auren nan nawa ne. Kai ka ɗaura shi a gaban shaidu, ban yi wa mijina laifi ba, bai yi mini ba. Ko shekara goma ka ajiye ni a gidan nan, matar Yazid ka ajiye."

"To za ki zauna ɗin! Shi kuma ya fice mini!"

Yazid ya tashi. A bakin ƙofa ya waiwayo, ta gyaɗa masa kai sau ɗaya, ya fita.

A cikin gida Inna Rahmatu ta rufe ta da faɗa tana sharar hawaye. "Ke wace irin yarinya ce? Ubanki na magana kina magana! Da kin yi shiru ya huce."

"Inna, da na yi shiru da yanzu da takarda a hannuna."

"To taron naku na Daura fa? Ba sai ku fasa ba?"

"Saura kwana tara. An gaya wa makarantu shida, matan unguwanni sun nemi izinin mazajensu tun watan jiya. Ba za a fasa ba."

Washegari ta tare Hamma Lawal zai fita. "Hamma, don Allah, ka biya Daura ka karɓo mini kwalin zane."

"Ke dai ba kya jin tsoro. In Baffa ya gani fa?"

"A gabansa zan yi."

Ya kawo kwalin da yamma yana ƙunƙuni. Takardu ɗari bakwai da 'yan kai ne saniyar ta fito a ciki da shaida. Siddiƙa ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, daidai hanyar da Baffa ke bi zuwa masallaci, ta fara. Ta goge tambarin cinya, ta cike yankan kunne, ta mayar da launi, ta ajiye, ta ɗauki ta gaba. Daga hantsi zuwa la'asar, kullum. Yatsunta suka yi kanta, wuyanta ya sage. Duk wanda ta gama Hamma ya kai wa Yazid, ya dawo da saƙon baki: "Wai ya ce in gaya miki kina cin abinci kuwa?"

"Ka ce masa shi ya ci, na san halinsa."

"Ni dai na zama ɗan aiken soyayya da furfurata!"

Baffa yana wucewa ya tafi sallah ya dawo. Ta gaishe shi, ya wuce kamar bai ji ba. Ba ta fasa gaisuwar ba, ba ta kuma matsar da tabarmar ba.

Rana ta biyar, tana duba wurin da saniyar ke tashi daga kwance. Ta riƙe takardu ashirin ta gefe tana sakin su da babban yatsa, saniyar na miƙewa a kan takarda kamar mai rai. Sai ta ga inuwa ta rufe tabarmar.

"Sake yi," in ji Baffa.

Ta sake.

"Mene ne wannan?"

"Saniyar ce take tashi, Baffa."

"Wannan ba saniya ba ce, doki ne da ƙaho! Wace saniya ce ke fara tashi da ƙafafun gaba? Da na baya take ɗagowa, gwiwoyin gaba na ƙasa, sannan ta miƙe. Ke da aka haifa a bakin garke!"

"Ni siffa nake zanawa. Motsin Yazid ne."

"Na sani ai! Ɗan birni!" Ya tsuguna ya karɓi takardun, ya gwada sakin su, suka zube. Ya tattara ya sake, har ya iya. Ya yi tsaki. "Kuma wannan za ku nuna wa 'ya'yan mutane a Daura? Su tashi suna zaton haka saniya take?"

"Haka muka nuna a Sandamu da Baure."

"Subhanallahi! Kuma da shaidata a jikinta. Ashe ba ɓarnar gona kaɗai aka ɗora mini ba, har da saniyar da ba ta iya tashi ba."

Ya miƙe ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, ba ya kallon kowa: "Lawal! Ka gaya wa yaron nan gobe da sassafe ya same ni a garke. Ya zo da fensirinsa."

Rana na ɓullowa Yazid ya iso, wando duk raɓa. Siddiƙa ta laɓe a bayan danga tana leƙe. Baffa bai yi masa maganar komai ba, sanda kawai ya nuna masa da ita.

"Tsaya nan. Buɗe idonka."

Ya taɓa wata farar saniya, ta ɗago baya, ta dogara da gwiwa, ta miƙe. Yazid ya zana. Baffa ya leƙa takardar.

"Wuyan ya yi tsawo. Sake."

Ya tayar da wata. Ya tayar da wata. Shanu goma sha ɗaya Yazid ya zana kafin dattijon ya ce, "To, wannan ta yi kama da dabba." Ya juya zai tafi, sannan ya tsaya.

"Ranar nan ka ce kai ka yi shaidar, alhali ba kai ba ne."

"Na so in kare ta ne, Baffa."

"Ƙarya ce dai, kada ka sake yi mini. Amma da ka karɓi biron nan, da ko ka dawo da kuka ba za ka ƙara ganinta ba."

Ranar Asabar zauren makarantar a Daura ya cika har bakin ƙofa. Yara a gaba kan tabarmi, mata a hagu, maza a dama, janareton Ignatius na ruri a waje. An nuna finafinan matasa biyu daga Dutsi, sannan aka zo kan jar saniya. Siddiƙa na tsaye a bayan mata, tare da Inna, kuma har lokacin Baffa bai ce ta koma ɗakinta ba. Can ta hango shi a layin ƙarshe na maza, ya harɗe hannu.

Saniyar ta fito, cinya fes, kunne lafiyayye. Ta ci gero ta ƙoshi ta kwanta, mai gona ya taho da sanda, ta ɗago baya ta dogara da gwiwa ta zabura. Yara suka fashe da dariya. Wani bafulatani kusa da Baffa ya ce, "Kai! Wanda ya zana wannan ya san shanu."

"Surukina ne," in ji Alhaji Maliki. "Ni na koya masa."

Da aka tashi, Siddiƙa ta nufi motar Hamma kamar yadda aka kawo ta. Baffa ya riga ta zama a gaba. Ya leƙo ta taga.

"Ina za ki?"

"Gida, Baffa."

"Motar nan ta cika. Ga mijinki can yana naɗe waya shi kaɗai, ba ki da tausayi ne?"

Ta durƙusa a nan bakin titi, kuka ya ƙwace mata. "Na gode, Baffa. Ka yafe mini."

"Na yafe. Tashi, mutane na kallo." Ya gyara hula. "Kuma baɗi in za ku yi na raƙumi, ku tambayi wanda ya sani tukuna."

'Yan'uwana mata, Siddiƙa ta yi kuskure, ta amsa shi da bakinta, ta gyara shi da hannunta takarda bayan takarda. Ba ta ɗaga wa mahaifinta murya da rashin kunya ba, ba ta daina gaishe shi ba ko da ba ya amsawa, amma kuma ba ta yarda a raba ta da mijinta kan laifin da bai yi ba. Haƙuri ba shi ne ki yi shiru a rushe miki gida ba. Ki ba iyaye haƙƙinsu cikakke, ki tsaya a kan gaskiyarki da ladabi, sauran ki bar wa Allah.

Motar ta tashi. Siddiƙa ta share fuska da gefen mayafi, ta koma cikin zaure, ta kama ɗaya bakin farin ƙyallen suka ninke shi tare da Yazid.