Kasuwar da Labbo Ya Zana a Ƙasa

Da Safiyatu ta san inda wasan ranar nan zai ƙare, da ba ta aje tulunta ta zauna ba.

Damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa gero bai kai ido ba. Rijiyar Tsamaye ta ja baya, sai an zauna an jira ruwa ya tattaru. Cikin wannan jira ne Labbo, ɗan makiyaya, ya ƙago wasa a gindin aduwa. Yakan zana garuruwa a ƙasa, ga Isa, ga Sabon Birni, ga Alkalawa, ga Tsamaye. Kowa ya zama bafatake. Mai jaki ya riƙe tsakuwa, mai raƙumi ya riƙe ƙwallon goriba. Akan naɗa sarkin kasuwa, shi ke faɗin abin da ake samu a kowane gari: gishiri ko'ina, atamfa sai Isa. Doka ɗaya ce ba a taɓawa. Mai jaki ba ya taya kayan mai raƙumi.

A wurin wasan nan ta fara son shi, don kullum fataucinsa a Tsamaye yake ƙarewa, kusa da yatsun ƙafarta.

Ranar nan Attahiru ya zauna cikinsu, wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, wanda shi ma yake nemanta. Kowa ya san shanun gidan su Labbo sun faɗi, saura 'yan ƙwarori. Labbo ya miƙa hannu ga goriba yadda ya saba, Attahiru ya dafe ta yana dariya.

"Haba Labbo, har wasa za ka yi ma ƙarya? Ga tsakuwa nan."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Labbo ya ɗauki tsakuwar, ya dube ta, ya shafe garuruwan da tafin hannu, ya tashi.

Daga nan Attahiru ya riƙa zarya wurin mahaifinta, Malam Jibrilla, yana nuna masa cewa wanda bai iya ciyar da saniya ba zai ciyar da mace ba. Malam bai tsawata mata ba, ya dai ce Labbo ya dakata da zuwa.

"Ban ƙi yaron ga ba, ɗiyata. Tsoro nika ji. Yunwa ba ta san so ba."

Labbo ya zo sau ɗaya, da sanda a kafaɗa. Ya ce za shi kudu da ragowar shanun.

"Ka tambayi Baba aurena tukuna..." ta ce.

"Safiyata, ni na kafa dokar ga da bakina. Mai jaki ba shi taya kayan mai raƙumi."

"Wasa ne hwa, Labbo."

Ya aje tsakuwar a tafinta, ya juya.

Kwanaki suka yi mata tsawo. Tana zuwa rijiya, ta jira ruwa ba mai yi mata magana, ta dawo. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Malam na kallo daga zaure, abinci ya daina wuce masa.

Wata rana da hantsi Attahiru ya sake zana garuruwan, ya ce a yi wasa, a naɗa ta sarkin kasuwa. Ta yarda. Ya tura goribarsa ta wuce Isa, ta wuce Sabon Birni, ya tsaida ta a Tsamaye.

"Sarkin kasuwa, mi ag ga garin ga na sayarwa?"

"Gishiri," ta ce.

"Sai mi?"

"Akwai abu guda. Ba a sai ma mai raƙumi shi. An riga an ba mai jaki, kyauta."

Ta buɗe hannu ta aje tsakuwar Labbo a kan Tsamaye.

Labari ya riga ta zuwa gida. Ta shiga tana jiran faɗa, ta tarar da Malam zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago kai, ya miƙo hannu.

"Kawo tsakuwar. Za ni Isa ran kasuwa."

Can ya sami makiyaya masu gangarawa kudu, ya damƙa musu ita. Ya ce in sun ga Labbo su shaida masa ƙofa a buɗe take, ko da sanda kaɗai ya dawo.

Safiyatu na nan tana zuwa rijiya, tana zana garuruwan ita kaɗai. Har yau ba a san ko saƙon ya kai gare shi ba, ba a kuma san dajin da yake ba.