Kunyar Suruki a Kan Dutse

"Wallahi ba zai shiga ba! Muddin ina numfashi, ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba!"

Muryar Yaya Sanusi ce ta ratso har falon da Nabiha take zaune cikin mata masu karɓar gaisuwa. Ranar addu'ar bakwai ce ta mahaifinsu, Alhaji Badaruddeen. Ta miƙe da sauri, mayafinta yana jan ƙasa.

A bakin get ta tarar da mijinta Mustafa. Ya rame, ya yi baƙi, hannayensa biyu naɗe da bandeji har wuyan hannu. Kansa a sunkuye.

"Yaya, don Allah... mutane suna kallo."

"Su kalla! Ya tafi da ubanmu da ƙafarsa, ya dawo mana da hula da agogo a leda! Ko gawa babu, Nabiha! Ko kabarin da za mu je mu tsaya a kai babu!" Ya juya kan Mustafa. "Ba kai ne gwanin hawan dutse ba? Faɗa min yadda tsoho ya faɗo, kai kuma ka dawo da ranka!"

"Laifina ne, Yaya. Allah ya ba ku haƙuri."

"Kullum abin da kake cewa ke nan! To ka rubuto mata takardarta, ka rabu da mu!"

Mustafa bai ɗago ba. Ya juya a hankali, ya bi gefen titi ƙarƙashin manyan bishiyoyin unguwar, yana ɗingishi. Nabiha ta bi shi da kallo.

Alhaji Badaruddeen tsohon safiyo ne, mai awon ƙasa. Yana da ƙuruciya ya kafa wani turken siminti a ƙolin wani dutse mai nisa, can bakin iyakar Taraba da Kamaru, inda mota ba ta zuwa. Shekara arba'in yana ba da labarin turken nan. Da ya cika sittin da takwas sai ya ce zai je ya gan shi kafin ya mutu. Mutum ne da in ya ce zai yi, an gama magana. Mustafa kuwa ya saba hawan duwatsu da abokansa, don haka Nabiha da bakinta ta roƙe shi ya raka Abbanta. Watansu takwas da aure a lokacin.

Washegarin addu'ar da hantsi ta sa direba ya kai ta gidan aurenta da ke unguwar Kawaji. Ta same shi zaune a tsakar gida, shayi ya huce a gabansa, don hannun ba ya iya ɗaukar kofi.

Ta durƙusa, ta kai masa kofin baki. Ya kurɓa, hawaye ya biyo.

"Masoyina, dube ni. Yaya yana so a raba mu, kai kuma ka ƙi kare kanka. Ni matarka ce, kuma 'yarsa ce. Ina da haƙƙin in ji."

"In na faɗa miki, hasken idona, ba za ki sake kallona ba."

"Faɗa min!"

Ya sunkuyar da kai, ya fara.

"Mun yi gaggawar tafiyar. Damina ba ta gama ɗaukewa a can ba. Kwana biyu muna tafiya a ƙafa daga ƙauyen ƙarshe, mu uku, da wani Bafulatani mai suna Bappa da ya san hanya. Ciyawa ta fi tsawon mutum. Mun ƙetare rafi huɗu, ruwa iya ƙugu, matsattsaku suna manne mana a ƙafa. Abba bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma ina jin numfashinsa kamar ana zuga wuta."

"Ba ka ce a koma ba?"

"Na ce, 'Abba, ko za mu ɗan huta?' Ya ce in na gaji in zauna, zai same ni a dawowa."

Nabiha ta runtse ido. Maganar Abbanta ce sak.

"Rana ta uku muka iso gindin ƙolin. Daga nan babu sauran hanya, sai rarrafe da hannu da ƙafa. Dutse ne a tsaye, baƙi, ruwa yana tsattsafowa a jikinsa, gansakuka ta rufe shi, santsi kamar an shafa sabulu. Ta hagu rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa. Kafin azahar gajimare ya sauko mana, har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku biyar. Ga iska, ga sanyin da yake kashe yatsu. Bappa ya ce shi iyakarsa nan, ko shanunsa ba ya bari su matso wurin."

"Sai kuka ci gaba..."

"Abba ya ce saura kaɗan, yana jin turken a jikinsa."

Ya ɗago ya dube ta.

"Nabiha, akwai ƙa'ida a irin wurin nan, kuma na san ta kamar sunana. Wanda ya iya shi yake hawa gaba. Ya sami wurin tsayawa, ya ɗaura igiya a ƙugun na ƙasa, ya riƙe shi yana hawowa. Igiyar tana cikin jakata. Na fito da ita."

"To?"

"Ya dube ta ya yi dariya. Ya ce, 'Mustafa, ni za ka ɗaure kamar akuyar kasuwa?' Sai na ji kunya ta rufe ni. Na mayar da ita jaka."

"Ka mayar..."

"Kuma in na hau gaba, tafin takalmina zai tsaya daidai kansa. Ƙasar da na taka a kan hularsa za ta zuba. Uban matata! Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na kasa. Na ce, 'Bismilla Abba, ka yi gaba, ina bayanka.' Na ce a raina in ya zame zan tare shi."

"Mustafa..."

"Ya hau kamar tsawon mutum uku. Sai na ga ya tsaya, ya dafe goshi da hannu ɗaya. Dutsen da ya taka ya ɓalle. Bai biyo ta kaina ba, ta hagu ya tafi. Na miƙa hannu, gefen rigarsa kawai na taɓa. Na ji yana salati... sai na daina ji."

Nabiha ta saki kofin, ya tarwatse.

"Kunya?! Kunya ce ta sa ka bar min uba ya hau babu igiya? Da ka ɗaure shi ko yana zaginka! Da ka taka hular! Wallahi da ka ɗauke shi da ƙarfi ka sauko da shi, ya yi shekara ba ya yi maka magana, da yanzu yana nan!"

"Na sani."

"Don ka iya na haɗa ka da shi! Don ka iya!"

"Na sani, Nabiha. Shi ya sa ban musa wa Yaya ba." Ya ɗaga hannayensa masu bandeji. "Sai la'asar na iya sauka inda yake. Ba yadda za a yi a fito da shi, tafiyar kwana biyu ce, ga rafuka sun cika. Ni da Bappa muka yi masa sutura a wurin. Da adda ɗaya da hannu muka tona. In kin ce in rubuta takardar, zan rubuta. Ki dai jira yatsun su iya riƙe biro."

Nabiha ta miƙe. Ta fita tana kuka, ko mayafi ba ta gyara ba.

A gida ta wuce kowa ta shiga ɗakin mahaifiyarta. Hajiya Uwa tana kan darduma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Nabiha ta faɗa kan cinyarta, ta kwashe komai ta gaya mata, ba ta rage ko kalma ba.

"Umma, ina son sa... wallahi ina son sa! Amma ta yaya zan zauna da shi ina tuna igiyar tana cikin jaka?"

Hajiya Uwa ta ajiye carbin.

"Kin ce ya dafe goshi?"

"Haka ya ce."

"Jiri ne." Muryarta ta yi ƙasa. "Wata uku ke nan yana fama da shi. Likita ya hana shi ko hawa bene. Ya ce kada in gaya wa kowa, ban gaya ba. Ranar da za su tafi, mijinki ya zo gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofar can, ina bayan labule. Maganar tana bakina, Nabiha. In ce masa, yaro, Alhaji ba shi da lafiya, ka kula. Sai na ji nauyin in tsaya ina zance da suruki. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya."

"Umma..."

"Da ya sani, da ko gindin dutsen bai kai shi ba. Kira min Sanusi. Ki aika a ɗauko mijinki."

Bayan la'asar aka kawo Mustafa. Yaya Sanusi yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai daga bakin uwarsa, idonsa ya yi ja, amma bai tare hanya ba. Mustafa ya durƙusa daga waje kamar yadda ya saba.

"Shigo ciki," in ji Hajiya Uwa. "Matso. Ɗago kanka ka dube ni."

Da ƙyar ya ɗago.

"Kun yi masa wanka?"

"Mun yi, Umma. Akwai ruwa yana gangarowa kusa."

"Da me kuka rufe shi?"

"Da farin rawanin Bappa, da mayafina."

"Ka fuskantar da shi alƙibla?"

"Na duba da na'urarsa ta aiki mai nuna gabas da yamma, har sau biyu. Na jera manyan duwatsu a kai saboda namun daji."

"Wa ya ja sallar?"

"Ni... mu biyu ne kawai."

Hajiya Uwa ta gyaɗa kai, hawaye yana sauka kan hijabinta.

"To ka yi masa abin da 'ya'yansa ba su samu yi ba. Ka yi kuskure, ni ma na yi, shi ma Allah ya jiƙansa ya yi nasa. Ba zan rasa miji in kuma kashe auren 'yata a mako guda ba. Nabiha, tashi ki bi mijinki."

Nabiha ta miƙe. Ta tsaya a kansa tana dubansa.

"Ban huce ba, Mustafa. Ban san ranar da zan huce ba."

"Zan jira, ko shekara nawa ne."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, hannun kuma ba ya dafuwa. A gaban uwarta da yayanta ta sunkuya, ta kama shi ta damtse, ta ɗaga shi tsaye. Suka fita a hankali, kowa yana kukansa.