Ranar da Torika Ta Jira Amsa

Makarantar su Torika tana bakin teku. Idan iska ta kaɗa, har cikin aji ake jin ƙanshin gishiri. Torika tana aji biyar, kuma kujerarta tana jikin taga. Daga nan take kallon gajimare suna tafiya a hankali bisa ruwa. Wani ya yi mata kama da kunkuru, wani da kwalekwale. Duk abin da ta gani kuwa sai ta faɗa, don ba ta iya riƙe magana a ciki.

Teku tana cin filin wasan makarantar kaɗan-kaɗan. Bara ma ta kwashe bishiyar kwakwa biyu. Shi ya sa Malama Akosita ta ce za a dasa tiri, itacen nan da saiwoyinsa ke riƙe gaɓa. 'Yan ajin sun yi wata biyu suna renon tsiron a cikin gwangwanaye. Ranar dashe aka raba su biyu-biyu, aka ba su tsiro arba'in-arba'in a kwando.

Aka haɗa Torika da Unaisi. Ita Unaisi yarinya ce mai shiru. Sai ta wuni a aji ba a ji muryarta ba. Idan an tambaye ta abu, takan daɗe tana kallon ƙasa kafin ta amsa.

Da hantsi ruwa ya janye, gaɓa ta fito fili tana ƙyalli. Torika ta ɗauki kwando ta nufi inda rafi ke shiga teku. Wurin ya yi mata kyau ƙwarai. Yashin fari ne tas, ruwan garau, ƙananan kifaye suna wucewa kamar allurai. Tana tsaye a nan, har ta fara ganin daji a ranta. Ta ga itatuwa sun yi tsawo, fararen tsuntsaye sun sauka a kan rassa, ita kuma tana ratsawa a kwalekwale cikin inuwa.

"Nan za mu dasa, ko ba haka ba?" in ji Torika. Kafin Unaisi ta ɗago kai, ta ƙara da cewa, "Yawwa, na san za ki yarda."

Unaisi ta tsinki ganye ta jefa cikin rafin. Ganyen ya yi gaba da gudu. Ta dubi Torika, amma Torika tana ba da labarin tsuntsayen da za su zo.

Sai Unaisi ta tsuguna ta yi zane a kan yashi da tsinke. Ta ja layi mai lanƙwasa, ta yi ɗigo-ɗigo a gefe guda. Torika ta taka zanen ta wuce, ta ce mata ta bar wasa, aiki na jiransu.

"Ruwan nan..." in ji Unaisi a hankali.

"Eh, yana da kyau, ni ma na gani," in ji Torika, ta miƙa mata tsiro.

Unaisi ta karɓa. Suka dasa duka arba'in ɗin a bakin rafi.

Ranar Asabar aka yi ruwan sama, teku kuma ta cika har gindin kwakwa. Da safiyar Litinin aka buga gangar katako ta kiran ɗalibai, 'yan aji suka sauka gaɓa don su duba aikinsu. Tsiron kowa yana tsaye. Na su Torika kuwa uku kaɗai suka rage, su ma sun karkace. Rafi ya kwashe sauran.

Idon Torika ya cika da hawaye. Da Malama ta tambayi abin da ya faru, sai ta ce ba laifinta ba ne. An haɗa ta da wadda ba ta magana, ita kaɗai ta yi ta tunani, Unaisi ba ta faɗa mata komai ba.

Malama ta juya wajen Unaisi. "Haka aka yi?"

Unaisi ta sunkuyar da kai. Malama ba ta ƙara tambaya ba, ba ta kuma hanzarta ta ba. Ta tsaya kawai. Shirun ya yi tsawo, har Torika ta ji ƙarar ƙaguwa tana shiga rami.

Can sai Unaisi ta ce, "Na faɗa mata, Malama. Sau uku."

Torika ta tuna ganyen. Ta tuna zanen da ta taka, da maganar da ta katse. Kunya ta rufe ta, har ta kasa duban kowa.

Da yamma ta tarar da kakarta, wadda take kira Bubu, tana kankare kwakwa don miyar kifi. Torika ta zauna a kan tabarma ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, ba ta ko tsaya shan numfashi ba. Bubu ta yi dariya ta ce tun Torika tana goye bakinta yake gudu, har kaji ke tashi idan ta farka.

"Bubu, ni ba dariya nake so ba. Yaya zan yi da mutumin da ba ya amsawa?"

"Tana amsawa, 'yar nan. Ke ce ba ki jira. Ke kina tunani da baki, ita kuma sai ta gama tunani take buɗe nata. Gobe idan kin tambaye ta, ki dubi teku ki ƙirga igiyar ruwa biyar kafin ki sake cewa komai."

Washegari da aka tashi daga makaranta, Torika ta sami Unaisi zaune a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife. Ta ba ta haƙuri a kan abin da ta faɗa gaban Malama. Sannan ta tambaye ta inda ya kamata su dasa tun farko.

Unaisi ta yi shiru. Torika ta dubi teku. Igiya ta farko ta zo ta kwanta a kan yashi. Ta biyu ta biyo ta. Magana ta taso wa Torika har maƙogwaro, ta haɗiye. Rana ta fara yin ja, ruwan ya koma kalar zuma. Ashe idan mutum ya yi shiru, har numfashin teku yana ji.

A igiya ta huɗu Unaisi ta sauko. Ta kama hannun Torika ta kai ta bayan duwatsu, inda laka take baƙa ƙirin. Ta cusa sanda a ciki, sandar ta tsaya ƙyam.

"Yashi yana saki," in ji ta. "Laka tana riƙewa. Babana ya nuna mini."

Torika ta ce to, amma akwai abu ɗaya. Ita ba kullum take gane zane ba, kuma idan labari ya ɗauke ta ba ta ganin komai. "Idan na yi nisa, ki ja mini hannun riga, ki faɗi ko kalma ɗaya ce. Kin yarda?"

Unaisi ta ɗaga gira alamar eh. Sai kuma ta yi murmushi ta ce, "Na yarda."

Sauran 'yan ajin ba su da tsiron da za su ba su. Don haka duk ranar Asabar da safe su biyun suke bin gaɓa suna tsintar 'ya'yan tiri da ruwa ya kawo, dogaye koraye kamar fensir. Unaisi ce ke zaɓar masu kyau. Torika ce ta shiga gida-gida ta roƙo gwangwanaye, don ita ba ta jin nauyin kowa. Sau biyu Unaisi ta ja mata hannun riga, sau biyun kuma ta tsaya ta saurara.

Bayan wata uku Malama Akosita ta kai 'yan aji bayan duwatsu. Tsiro talatin da shida suna tsaye cikin laka, kowanne da sababbin ganye masu sheƙi. Malama ta ce Torika da Unaisi su bayyana wa aji yadda suka yi. Unaisi ta zana taswirar gaɓar a ƙasa, Torika ta yi bayani, 'yan aji suka tafa musu.

Malama ta ce, "Kowa da yadda yake magana. Wani da baki, wani da hannu, wani sai ya daɗe. Idan kuna aiki tare, mai sauri ya jira, mai shiru kuma ya daure ya faɗa."

A hanyar gida Torika ta yi ta tafiya ba ta ce uffan ba. Tana ƙoƙarin ta ba ƙawarta wuri. Sun kusa rabuwa sai ta ji an ja mata hannun riga.

"Yau ba labari?" in ji Unaisi. "Ni fa ina jin daɗinsa."

Torika ta yi dariya, ta gyara jakarta, ta fara.