Kaset Goma Sha Ɗaya da Aka Bari

Ranar Talata da hantsi, cikin damunar 1991, Malama Saudat ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta tarar kaset hamsin da ɗaya sun yi ƙafa. Kwaɗon lafiya lau, ba a fasa shi ba. Rikodarta tana kan tebur, littattafan rubutunta suna inda ta bar su. Kaset goma sha ɗaya ne kawai suka rage a gindin akwatin.

Sufeto Haladu aka turo daga ofishin 'yan sanda na wajen Mokola, don shi ɗan Sabo ne, unguwar Hausawa, a nan aka yanke masa cibiya. Da ya iso gidan Alhaji Babandi, fatoman goro mai saukar da fatake, kuma mahaifin Saudat, sai ya ja birki a zaure. An rubuta "Ba Shiga" a bangon ƙofar ciki, kuma kaki ba ya goge wannan rubutu. Haka ya yi binciken nan tun daga farko har ƙarshe, bai taɓa ganin ɗakin da aka yi satar ba.

Saudat ta fito ta zauna a gefen tabarma. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan uban, tana koyar da kiwon lafiyar jama'a a jami'a. Idanunta sun kumbura.

"Mene ne a cikin kaset ɗin, Malama?"

"Hira da matan Sabo, su sittin da biyu. Shekara bakwai ina yi. Ciki, haihuwa, ɓari, abin da ke kashe mu a kan gwiwa."

"Yaushe kika gan su na ƙarshe?"

"Lahadi na ƙirga su. Jiya Litinin ina makaranta tun safe har la'asar."

"Mabuɗi fa?"

"A ƙusa yake, bayan ƙofa."

Sai ta yi masa bayanin abin da ke gabanta. Kowace shekara jami'ar tana ba da lambar yabo uku: ta koyarwa, ta bincike, da ta hidimar jama'a. Bana an sa sunanta a ta bincike. Amma wani abokin aikinta, Dakta Maliki, wanda shi ma sunansa ke cikin takara, ya rubuta wa kwamiti cewa yana shakka, wai mata masu kulle ba za su faɗi irin wannan magana ba, mai yiwuwa ƙirƙira ta yi. Kwamitin ya ce ta kawo kaset ɗin ranar Juma'a.

"In ban kai ba, Sufeto, ba lambar kaɗai ba ce. Za a ce na yi ƙarya. Aikina ne zai tafi."

Haladu ya rubuta. Ya san irin maganar da ke cikin kaset ɗin fiye da yadda zai so. Shekara goma sha biyu da aurensa, matarsa Huseina ta haihu sau uku, sau uku yana ɗaukar ɗan ƙunshi a hannu zuwa maƙabarta. Ba ya son zancen, a gida ma ba a yi.

Ya fara da na kusa. Isiyaku, ƙanin Saudat, yana da shagon kaset a bakin titi, yana ɗaukar waƙoƙi da wa'azi yana sayarwa. Mai irin wannan sana'a kaset ba ya yi masa yawa.

"Haba Oga Sufeto, abeg!" in ji Isiyaku, yana rage sautin rediyo. "Ni da nake da sababbi katan-katan, me zan yi da tsofaffin kaset ɗin Yaya? Jiya ma ina Legas sarin kaya. Ka tambayi direban da ya kai ni, ga shi can a tasha."

Haladu ya tambaya, direban ya tabbatar. Ya kuma sa aka kunna masa duk wani kaset marar suna da ke shagon, bai ji komai ba sai kalangu da tafsiri. Ya soke sunan Isiyaku.

Daga nan ya hau tasi zuwa jami'a. Ya samu Dakta Maliki a ofis, mutum mai tsabta da yawan gyara tabarau, mai Hausa irin ta wanda ya koye ta da girma.

"An ce jiya ka je gidan Alhaji Babandi."

"Na je. Katin gayyata na kai masa, sashenmu ya aike ni. A zaure na zauna, na sha ruwa, na fito."

"Kai ne za ka ci ribar ɓatan kaset ɗin nan, Dakta."

"Haka ne, ba zan musa ba. Amma ni na nemi a kawo su. Kwamiti ma ya yanke cewa in sun tabbata, ranar bikin za a kunna wasu a lasifika a babban zaure. Shi ya sa aka gayyaci dattawan Sabo, su zo su ji aikin 'yarsu."

Haladu ya ɗago kai.

"A lasifika?"

"Ba suna ai. Lamba ce kawai a jikin kowane."

A hanyar dawowa ruwa ya sauko, yana dukan rufin kwano masu tsatsa. Haladu ya zauna a bayan tasi yana juya maganar. Maliki bai wuce zaure ba, Alhaji ya shaida. To ko ya aiki wata mace? Wanda aka aika don ya rusa aikin Saudat zai kwashe kaset ɗin duka, ya haɗa da littattafan rubutu, don su malaman jami'a suka fi karantawa. Ɓarawon abin duniya kuwa rikoda zai ɗauka. Wannan ɓarawon ba ruwansa da rubutu, ba ruwansa da rikoda. Murya yake tsoro. Kuma ya tsaya ya zaɓa, a natse, kamar mai tsintar wake.

Laraba da safe ya koma zauren, ya ce a fito masa da akwatin. Ya jera kaset goma sha ɗayan nan a kan tabarma. Lambobinsu ba a jere suke ba: huɗu, tara, goma sha bakwai, haka dai. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya. A kusurwar kowace takarda akwai ɗigon tawada baƙi, bai kai ƙwayar gero ba.

"Wannan fa, Malama?"

Saudat ta duba, ta sake dubawa.

"Waɗanda suka rasu ne. In wadda na yi hira da ita ta rasu, sai in ɗiga mata tawada."

"Cikin waɗanda aka ɗauke akwai mai ɗigo?"

"Babu. Su goma sha ɗaya ne dama."

"Wa ya san ma'anar ɗigon, ban da ke?"

Ta kau da ido gefe, sai ya sake tambaya.

"Wa yake kawo miki labarin rasuwar?"

Ta sunkuyar da kai. Alhaji Babandi, wanda ke gefe yana jan carbi, bai san dawan garin ba, ya ce, "Ai Tani ce, ungozoma. Ita ta riƙa shiga da ita gidaje tun farko. Ko shekaranjiya ta zo duba matar Isiyaku."

"Zancen lasifika fa, wa kika gaya wa?"

"Ranar Lahadi na karanta takardar a tsakar gida," in ji Saudat, muryarta can ƙasa. "Ina murna. Iya Tani tana wurin."

Haladu ya rufe littafinsa. Bai ji daɗin gane wannan ba ko kaɗan. Iya Tani ce ta karɓi haihuwarsa, ita ce kuma ta naɗe masa 'ya'yansa uku.

Tare suka tafi da Saudat. Suka sami tsohuwar a ƙofar gidanta, don ta wuce shekarun kulle, tana tsinke ganyen darbejiya na wankan wata mai jego. Ba ta fasa abin da take yi ba.

"Haladu, kai ne da kaki a ƙofata?"

"Ni ne, Iya. Ina kwana."

"Lafiya lau. Faɗi abin da ya kawo ka, ruwana zai huce."

Ya tsuguna, ya cire hula.

"Iya, an yi sata da rana a ɗakin da namiji ba ya shiga. Ba a fasa kwaɗo ba, don wanda ya yi ya san inda mabuɗi yake. Bai ɗauki rikoda ba, to ba ɓarawon kasuwa ba ne. Bai taɓa littafi ba, to ba ɗan boko ba ne. Ya ɗauki na masu rai, ya bar na matattu, alhali a cakuɗe suke a akwati ɗaya. Mutum biyu ne a duniya suka san abin da ɗigon nan ke nufi. Ɗaya tana makaranta ranar Litinin. Ɗayar kuma ta shiga gidan da kwandonta, kuma ba a taɓa tambayar ungozoma abin da ke cikin kwandonta ba."

Iya Tani ta ajiye ganyen.

"Ashe karatun da aka yi maka bai tafi banza ba. Ni ce."

"Iya!" Saudat ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. "Shekara bakwai! Ke kika riƙe hannuna kika shigar da ni. Me na yi miki?"

"Ni na shigar da ke, shi ya sa. A kowane ɗaki ni na ce musu, ku faɗa, 'yar gida ce, kunnenta kaɗai zai ji. Da bakina suka yarda, ba da takardarki ba."

"Ba suna a jiki, Iya. Lamba ce kawai."

"Lamba." Tsohuwar ta yi dariyar da ba daɗi a ciki. "Namijin da ke gane tarin matarsa ta bayan katanga, shi ne ba zai gane muryarta a lasifika ba? Akwai wadda ta gaya miki tana shan maganin hutun haihuwa a ɓoye. Akwai wadda ta gaya miki ciwon da mijinta ya kwaso mata daga tafiya. Ki zaunar da mazajensu a kujerun gaba, ki kunna? Kafin a gama tafi an saki mata goma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Saudat. Kin sani, murna ce ta mantar da ke."

"Da kin gaya mini."

"Na ce miki a bari. Kika ce, Iya, ba ki gane ba, abin girma ne."

Saudat ta tuna an yi haka. Haladu kuwa ya ce a ransa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

"Ina suke, Iya?" ya tambaya.

"Na mayar wa kowa muryarta. Kwana biyu ina zagawa. Wadda ta ga dama ta ba ta."

"Goma sha ɗayan fa, me ya sa kika bari?"

Nan ne muryar tsohuwar ta yi rawa.

"Su ba mai sakinsu yanzu, ba mai yi musu gori. Ta huɗun nan Amatullahi ce, 'yata. Da naƙuda ta zo, ta ce a kai ta asibiti tun dare bai yi ba, aka ce a jira maigida ya dawo daga kasuwar Bodija. Ita a kunna. A ƙure sauti ma."

Haladu ya miƙe. Doka ta ce ya tafi da ita, amma Saudat ta girgiza kai, ta ce ta janye ƙara. Har ya juya, Iya Tani ta kira shi.

"Haladu. Na ashirin da bakwai a gidanka na sauke."

Abin da ya faru ranar Juma'a duk Sabo an sani. Saudat ta kwashe yinin Alhamis tana shiga gida-gida, kowace mace ta ce ita ba ta san zancen ba. Ta je gaban kwamiti da kaset goma sha ɗaya. Suka saurara, wata farfesa har da hawaye, sannan suka ce matattu ba sa tabbatar da magana, kuma goma sha ɗaya ba sittin da biyu ba ne. Aka cire sunanta, aka dakatar da ita har sai an bincika. Dakta Maliki ya karɓi lambar bincike, aka yi tafi. Saudat ba ta faɗi sunan Iya Tani ba, ba ta kuma faɗi sunan ko mace ɗaya ba. Kafin shekara ta zago ta ajiye aikin.

Abin da ba a sani ba shi ne wanda ya faru a gidan Haladu ranar Alhamis da la'asar. Ya kwana ya wuni yana jin nauyin bakinsa, sannan ya ce wa kansa, mace ɗaya mai rai in ta yarda, watakila ta ceci Saudat. Ya sami Huseina a bakin murhu tana tuƙa tuwo.

"Huseina, Iya Tani ta kawo miki wani abu."

"Ta kawo."

"Malamar nan za ta rasa aikinta. In kin ba ni, wallahi ba zan saurara ba. Hannu da hannu zan kai mata."

Ta ɗauki itace ta tona tokar gefen murhu, ta turo masa wani baƙin dunƙule da ya narke ya ƙandare. Sai a lokacin ya tuna warin roba da ya ji a gidan tun ranar Talata, shi mai binciken, bai ko tambaya ba.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Me kika faɗa a ciki?"

Ta ci gaba da tuƙi, ba ta dube shi ba.

"Awa ɗaya da rabi na yi ina magana. Sunayen da na raɗa musu a zuciyata, su ukun. Da yadda nake ji in ka dawo daga maƙabarta ka wanke hannu, ka ce a kawo abinci."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ita ta tambaya."

Haladu ya zauna a kan turmi, hular kaki a hannunsa. Ya yi wa ɓarayi da 'yan damfara tambayoyi ba iyaka, ya san ta inda ake farawa da kowa, amma a nan ya rasa. Can ya buɗe baki da ƙyar.

"Na farin... wane suna kika sa masa?"

Muciyar ta tsaya. Huseina ta share ido da gefen zani, ta sauke tukunyar.

"Tuwo zai huce," in ji ta. "Je ka wanke hannu."