Ku Bari Ya Ƙarasa

"Ina muryar ɗana?"

Saude ta ɗago kai daga durƙuson da ta yi, ko gaisuwar ba a bari ta kai ƙarshe ba. Mai tambayar Hajiya Balaraba ce, mahaifiyar Maiwada, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure da Saude.

"Murya kuma, Hajiya?"

"Kar ki raina mani hankali! An ce kin ɗure ta cikin kaset kin tahi da ita kudu!"

Mai kai rahoton ba ta nesa. Larai, 'yar ƙanwar Hajiya, tana gefen tabarma tana tsintar shinkafa, ita a dole ba ruwanta, alhali tun suna yara ta ƙwallafa rai a kan Maiwada.

Takaici ya kama Saude. Tun hantsi ta baro garinsu Kaura Namoda zuwa Shinkafi a motar 'yan kasuwa, don an ce ana nemanta. Shekara ɗaya da rabi ke nan tana digiri na biyu a wata jami'a a kudu, tana koyon gyaran magana: masu i'ina irin Maiwada, yaran da bakinsu ya yi nauyi, tsofaffin da shanyewar jiki ta karya wa harshe. Har yau babu wanda ya gane aikin. Wasu su ce likitar haƙori, wasu malamar bebaye. Yau kuma ga shi an mai da ita bokanya.

"Hajiya, karatu ne. Shi da kanai ya yarda. Ina sauraren kaset ɗin in gane inda harshen ka sarƙewa..."

"To mi ya sa ya canza? Da kokawa yaka yi da magana har ya kada ta. Yanzu sai ya tsaya, ya ja numfashi, kamar mai jiran izini!"

"Ni na koya mai hakan..."

"Kin ji ko, Inna!" Larai ta tafa hannu. "Ta ɗaure mai baki!"

Saude ta ciji leɓe. Ta yi wa manyan malamai bayani da Turanci sun gamsu, amma a harshen da ta sha a nono ta kasa.

Ana cikin haka Maiwada ya yi sallama. Daga kara yake, inda ake loda wa motarsa shanu. Yana ganin idanun Saude ya tsaya cak.

"Ga ta ga ka," in ji Hajiya. "Ko ta aje wanga karatu a ƙone kaset, ko auren ya tashi. Ka yanke da bakinka."

"Ba ni aje karatuna..." Saude ta ce, hawaye na zubo mata.

Maiwada ya durƙusa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Inna, na hwa... hwa... hwa..."

"Ya hwasa!" Larai ta cafe.

"Ya hwasa," Hajiya ta maimaita. "To madalla. Tashi ki kama hanya."

Haka aka saba yi masa a gidan tun yana yaro. Da ya cije sai wani ya ƙarasa masa, wai tausayi, shi kuma ya gyaɗa kai don ya huta. Saude ta ga kan nasa ya fara sunkuyawa. Wayyo masoyina, ta ce a ranta, yau ma za ka bar musu?

"Don Allah ku bari ya ƙarasa!"

Tsawa ce ta fito, ba ta san ta yi ba.

"Ke! Ni kika yi ma tsawa cikin gidana?"

"Ku gafarce ni, Hajiya... Abin da anka hwara koya muna ke nan, ba a ƙarasa ma mai i'ina magana. Shekara talatin ana amsa mai, wa ya san abin da shika so?" Ta juya wajen Maiwada. "Yaya Maiwada, ba sauri. Ko hwasawar ce, daga bakinka nika son in ji."

Ya lumshe ido. Ya ja numfashi a hankali, ya sake.

"Na hwa...ɗa maku tun bara. Saude nika so." Ya haɗiye yawu. "Ba ta ɗaure mani baki ba, Inna. Duk duniya ita ɗai ka ji... ji... jira in ƙare."

Jikin Hajiya ya yi sanyi. Ta daɗe tana kallon ɗanta, kunya da tausayi suka rufe ta.

"Akwai saura?"

"A... akwai."

Ta matsa gefe a kan tabarma, ta dubi Saude. "Zamna nan, ɗiyata."

"Amma Inna, kaset ɗin..." Larai ta fara.

"Ruhe muna baki, Larai! Ɗana na magana."