Gudali da 'Yar Akwati

Ranar da Halima Sadiya ta fara shiga shagon Muzzammil a Kalgo, wani ƙonannen ƙarfe ne ya kai ta, naɗe cikin tsohon zani. Ta ajiye shi kan tebur a hankali, ta ce, "Sannu da aiki. An ce kai ka gyaran kwamfuta nan bakin jami'a."

Muzzammil ya ɗago daga wayar da yake liƙawa da dalma, ya ga fuskarta, sai ya manta akwai ƙarfe mai zafi a hannunsa. Sai da ya ƙona ɗan yatsa ya dawo hayyacinsa. Har yau in ka tambaye shi tabon, cewa yake yi na sana'a ne. Ƙarya yake yi.

Ya kwance zanin, ya juya abin. "Wanga ai akwatin wuta na babbar kwamfuta ne, irin waɗanda kamfanoni ke aiki da su da can. Wa ad da irinta nan Kebbi?"

"Baffana, can Gwandu. Gudali muke ce mata."

Ya yi dariya, don ya ɗauka girmanta ne ya jawo mata sunan saniya. Ita murmushi kawai ta yi.

Kwana biyu ya gama gyaran, ya tura mata saƙo: "Salamu alaikum. Majinyacinki ya warke. Likitan ne yanzu ba lafiya."

Ta ɗauki awa guda kafin ta amsa, wai tana aji. "Wa alaikumus salam. Allah ya ba likita lafiya. Ya riƙa duban aikinshi, ya bar duban masu kawo aiki."

Daga nan fa hanya ta buɗe. Ya san tana shekarar ƙarshe a jami'a, ita kaɗai ce wurin mahaifinta Malam Sambo, wanda take ce wa Baffa, mai shagon buga takardu kusa da kasuwar Gwandu. Ita kuma ta san ɗan manomin shinkafa ne daga Dangoma, wanda ya bar fadama ya koyi gyara, amma har yanzu in damina ta faɗi yakan rufe shago ya je ya kama wa tsoho. Tana ce masa Injiniya in tana son tsokana. Shi kuwa 'Yar Gwandu yake ce mata, in kuma zance ya yi daɗi, Sadiyata.

Wata rana da la'asar, suna zaune kan benci a ƙofar shagon, ya lura ba ta da walwala kamar yadda ta saba.

"'Yar Gwandu, wa yat taɓa min ke?"

"Shagon Baffa ne," ta ce. "Gudali ba ta tashi da ƙaramin janareta, babban kuwa mai yake sha awa rijiya ta ɓule. In ba a kawo wuta ba, sai ya zauna yana kallon masu takardu suna wucewa. Ina tsoron ya rufe."

Wannan magana ta hana Muzzammil sakat. Ya nemo wata 'yar kwamfuta wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, mai sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikin kwamfuta, irin wanda faifan sola ɗaya da batir ke riƙe shi yini guda. Ya shirya ta tsaf. Da ranar da Sadiya ta nema masa izinin zuwa gaisuwa ta zo, ya sa babbar riga, ya rungumi 'yar akwatinsa, ya hau mota zuwa Gwandu yana jin kansa gwarzo.

Malam Sambo ya karɓe shi a shago da fara'a. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. A gefensa Gudali ke tsaye, baƙa, ta kai gwiwar mutum, an lulluɓa mata kyalle mai tsabta.

Da yaron nan ya gaida, ya sha ruwa, ya tashi, da an wuce wurin. Amma wanda ya san abu, bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Ya buɗe jaka.

"Baba, ga abin da nik kawo maka. Wagga 'yar ƙaramar ta hi waccan ga komi. Waccan ai ta tsufa, wuta kawai take ci. Tsohon ƙarhe ce, ka ba 'yan gwangwan su auna ta a huta."

Sadiya, da ke bakin ƙofa da tiren shayi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malam Sambo ya dubi saurayin.

"Ka ƙare?"

"Na ƙare, Baba."

Ya nuna 'yar akwatin da haɓa. "To ɗauki sabulunka. Allah ya kiyaye hanya."

Kafin mako ya zagayo, labari ya kai kunnen Sadiƙ, mai sayar da janareta a bakin tasha, wanda ya daɗe yana aiken goron neman auren Sadiya ana mayar masa da godiya. Ya zo shago ya zauna ya yi ta yabon Gudali, shi da bai san inda ake kunna ta ba. Ya ce yaran nan na Kalgo haka suke yi, su kushe maka babbar na'ura, su ba ka abin wasan yara, su kwashe kayan cikin taka su sayar. Ya ce shi zai kawo babban janareta kyauta, ai an zama ɗaya. Malam Sambo bai ce masa e ba, amma bai kore shi ba, kuma a gida ya ce wa 'yarsa kada ya ƙara jin sunan mai sabulu.

Muzzammil ya tura saƙo ya fi goma, shiru. Ran na takwas amsa ta zo, doguwa.

"Injiniya, ba fushi nike ba, kuka nike. Laifina ne da ban gaya maka ba. Innata Delu, Allah ya jiƙanta, tana da saniya guda, gudali, wadda babanta ya ba ta tun tana yarinya. Lokacin da Baffa yar rasa aikinshi, ita ta kai saniyar kasuwa da kanta, aka sayo kwamfutar ga. Da ita aka ciyar da ni, da ita aka sa ni makaranta. Shekara biyu bayan nan Inna ta rasu. Ita ce kac ce a ba 'yan gwangwan."

Ya karanta sau uku. Kunya ta rufe shi har ya kasa kallon 'yar akwatin da ke kan tebur. Ya rubuta: "Sadiyata, na taka kabarin da ban gani ba. Ba ni da bakin ba da haƙuri ta waya. Ki roƙa min a bar ni in zo in durƙusa."

Gwaggo Lami, yayar Malam Sambo, ita ta shiga tsakani, don ita kaɗai ke iya ce masa Sambo gatsal. Ta same shi ta ce, "Yaro ya yi wauta, ba mugunta ba. Kai ba ka taɓa sakin baki gaban surukai ba? In tuna maka?"

Bai so a tuna masa ba. Ya ce, "To ya zo. Amma ba haƙuri nika so ba. Ya ce tashi ta hi tawa ga komi. Ya zo ya nuna gaban mutane. In ƙarya yay yi, ni ba ni ba maƙaryaci ɗiyata."

Ranar Asabar da hantsi aka yi sa'a akwai wuta. Shagon ya cika: Gwaggo Lami kan kujera, Sadiƙ ya harɗe hannu a bakin ƙofa, Sadiya a lungu tana murza bakin mayafi. Muzzammil ya durƙusa ya gaida, sannan ya jera kwamfutocin biyu, ya haɗa kowace da 'yar na'urar auna wuta.

Aka kunna su tare. Kafin fankokin Gudali su gama gurnani, ƙaramar ta buɗe tana jira. Aka buɗe takarda, ta riga. Aka shiga shafin rajistar jarrabawa, ta riga. Aka tsara katin ɗaurin aure, nan ma ta riga da ɗan kaɗan. Na'urar awo ta nuna ƙaramar ba ta kai wat goma sha biyar ba, Gudali kuwa ta haura ɗari da hamsin tana zaune ma.

"Shi ke nan ai," in ji Gwaggo Lami. "Yaro bai yi ƙarya ba."

Malam Sambo ya tashi tsaye. Ya miƙa hannu ya ɗauki kyallen zai lulluɓe Gudali. Da Muzzammil ya yi shiru a nan, da ya ci. Babu wanda ya san sirrin na'urorin nan a ɗakin sai shi, kuma shi ya zaɓi ayyukan da aka gwada.

"Baba, dakata. Saura aiki guda."

Sadiya ta zaro masa ido. Ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗauko bidiyon wani biki da Malam Sambo ya karɓa zai haɗa, mai tsawo, daga kyamara uku, ya ɗora wa kowace nauyi iri ɗaya. Ƙaramar ta fara da hanzari, sai ta yi zafi, ta koma tafiyar hawainiya. Gudali ta ɗaga murya, ta kama aiki ba tsayawa. Ta gama, aka sha shayi, aka wanke kofuna, ƙaramar ba ta ƙarasa ba.

Muzzammil ya sake durƙusawa. "Baba, rannan na faɗi abin da ba haka ba ne. Furosesan ƙaramar awa samari huɗu ne masu zafin nama, ba su cin tuwo da yawa. Aiken kasuwa, ba a kama su. Na Gudali kuwa dattawa goma sha biyu ne. Sai an cika musu akushi, kuma ba su gudu, amma ran gayya su ka tashin gona. Tawa ba ta hi taka ga komi ba. Ka yahe min."

Sadiƙ ya yi dariya. "Kun ji da bakinshi."

Malam Sambo bai ko waiwaye shi ba. Ya dubi saurayin da ke ƙasa. "Ka san za ta kada taka tun kahin ka ɗora aikin?"

"Na sani, Baba."

"Da ba ka ɗora ba, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma da kullum nis shigo gidanka sai in tuna."

Dattijon ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Ina so a sa min ƙaramar bisa sola, ta riƙa yin aiken kasuwa. Gudali ta huta sai ran gayya. Kai kuma ka ce ma manyanka na Dangoma ina gida ran Juma'a."

Gwaggo Lami ta rangaɗa guɗa tun ba a kai ko'ina ba. Sadiya ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice. Sadiƙ kuwa, janaretan kyautar nan har yau yana shagonsa da farashi a jiki.

Muzzammil bai kai tasha ba saƙo ya shigo: "Injiniya, ka kusa kashe ni da tsoro. Na gode da ka mayar ma Baffa da Innata. Na gode."

Ya tsaya a gefen hanya ya amsa: "Ni ke da godiya, Sadiyata. Saniyar Inna ce ta kawo min ke har shago."

Bayan girbin shinkafa, da ta gama jarrabawarta ta ƙarshe, aka ɗaura aure a Gwandu. Mutanen Dangoma suka cika mota biyu, abokan karatunta na Kalgo suka cika ta uku. Shagon Malam Sambo kuwa tun daga lokacin bai ƙara rufewa don rashin wuta ba, 'yar akwati na kan tebur tana aikinta shiru daga safe har magariba.

Kwana huɗu bayan biki, mai ɗaukar hoto ya kawo bidiyon, ya ce zai haɗa a wurinsa. Malam Sambo ya ce a'a. Ya jira har aka kawo wuta da azahar, ya aika aka kira ango da amarya. Da kansa ya yaye kyallen, da kansa ya danna maɓallin. Fankoki suka ɗauki gurnani, fuskar Sadiya cikin lulluɓin amarci ta bayyana a allo.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen mai ɗumi, ya ce a hankali, "Delu, ga bikin ɗiyarki. Ke za ki haɗa shi."

Sadiya ta jingina da kafaɗar mijinta tana share hawaye. Dattijon ya juyo ya dube su biyun. "Allah ya ba ku zaman lahiya. Ya sa ku san darajar abin da kunka tarar, ya albarkaci abin da kunka zo da shi."

Suka ce amin tare, Gudali na ta aikinta.